Gwaggo Mai Foldar Aro

Daga Allah muke, kuma can za mu koma. Gwaggona, yayar mahaifina, ta riga mu a ƙarshen daminar bana, ana tsakiyar yankan gero. An yi mata sutura a Kankia, a gidan da aka haife ta, nan kuma muka yi zaman makoki.

Ina cikin gida tare da mata ina karɓar gaisuwa, don ni ta riƙa tun ina ƙarama. Wanda ya taɓa irin wannan zama ya san yadda yake. A shigo a ce ya haƙuri, a yi addu'a a shafa, a ɗan yi shiru, sai hira ta ɓalle a hankali. A cikin hirar ne mutum ke jin abin da gari ya riƙe game da mamaci.

Wata dattijuwa daga dangin marigayi mijinta ta ce, "Allah ya jiƙanta. Baiwar Allah, ba ta bar baya ba."

Ta kusa da ita ta ce, "Ai ita kwamfuta ce ɗiyarta. Shekaru sun ja, sa'anninta na kan buzu da tazbaha, ita tana can bakin tasha tana latse-latse."

Wata kuma ta rage murya, amma ba yadda zan kasa ji ba, ta ce, "Ba ita ce ta sa shanu suka cinye waken mutumin Fakuwa ba?"

Ban tanka ba. Gidan rasuwa ba wurin musu ba ne, kuma waɗanda suka yi maganar sun haife ni. Amma takarda ba gidan rasuwa ba ce. Karatuna bai wuce sakandare ba, ban kuma saba da dogon rubutu ba, don haka abin da na gani kawai zan faɗa. Ba ta haihu ba, gaskiya ne. Maganar waken ma gaskiya ce, ba zan ɓoye ta ba, don ita ma ba ta ɓoye ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a naɗe ta cikin waɗannan kalmomi a jingine a bango kamar tabarmar da aka gama zama a kai.

Akwai wasu da suka zo ba su yi irin wannan magana ba. Matar Ardo ta zo daga wajen Kaikai da ƙwaryar nono, ta ajiye a gabana, ta daɗe zaune, da za ta tafi ta ce, "To yanzu wa zai riƙa kunna muna ja da kore?" Maƙwabcinmu na shago kuwa, mutumin kudu, Kirista, mai gyaran waya, an ce mani ya cire takalmi ya zauna cikin maza a rumfa yana kuka a fili, har sai da dattawa suka kau da kai.

Ja da koren da matar Ardo ke nufi, ga abin da yake. Akwai kwamitin manoma da makiyaya da ya haɗa wasu unguwannin karkarar Kankia da Kusada. Babban aikinsa sakin gonaki. Idan an gama kwashe amfani, sai a sanar da makiyaya su shigo da dabbobi su ci kara su bar taki. Da can a masallaci da kasuwa ake sanarwa, ta isa wani wuri da wuri, wani wuri a makare, wani wurin kuma ta isa a juye. Gwaggo ce ta gina wa kwamitin shafi a intanet wanda ake buɗewa a waya. Kowace unguwa da akwatinta. Ja, a dakata. Kore, an saki. Wakilin unguwa ne ke latsawa daga wayarsa.

Bayan addu'ar bakwai Baffa ya kira ni zaure. Shi ne ƙanin Gwaggo da mahaifina, shi ne babba a gidan yanzu, shi ne kuma shugaban kwamitin, kuma wakilin Kaikai inda gonarsa take.

Ya ce, "Zamna, ɗiyata. Abin nan na Yaya, rufe shi za a yi."

Na ce, "Don mi, Baffa?"

"Don mai shi ta tafi. Girbin dawa ya matso. In abin ya yi kuskure wa zai gyara? Wancan karon wake aka ci, aka tsaya a kan sanda. Yanzu ke ma kin san zamanin da muke ciki, ƙaramin abu ba ya tsayawa ƙarami. Ba zan bari a zubar da jini a kan abin da ya fito daga gidanmu ba."

"Ni zan riƙe shi."

"Ke? Abin da ke cikin kan Yaya ya bi ta kushewa."

"Ba a kanta ta ajiye shi ba, Baffa. A folda ta ajiye."

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ran nan. Ya ce kwamiti zai zauna a Kusada, can za a yanke. Ba na ganin laifinsa. Tsoronsa tsoro ne mai dalili. Sai dai bai taɓa shiga shagon ya ga abin da take yi ba. Ko latsa nasa akwatin ba ya yi, kiranta yake a waya ya ce, "Yaya, ki sakar muna Kaikai."

Gwaggo mai buga tafireta ce a ofis tun kafin a haife ni. Da ta yi ritaya sai ta kama shago a bakin tasha, muna buga wa mutane takardu. Har ta bar duniya ba ta daina dukan kwamfuta kamar tafireta ba. Haruffan allon bugawar duk sun goge, wanda bai haddace su ba ba zai iya aiki da shi ba. Maƙwabcinmu ya kan leƙo ya ce, "Mama, a hankali, ba ta yi maki laifi ba." Ta ce, "Malamina, koma wajen wayoyinka, ni da ita mun fahimci juna." Tabarau ɗinta da zare take ɗaure shi. Idan za mu tashi, wani tsohon zane da ta dalmashe bakinsa da hannunta take lulluɓa wa kwamfutar. Goro kuwa ba ta ɓara shi sai aiki ya ƙare. In ka ga ta kwance gefen gyale ta fito da shi, to abin da take fama da shi ya yi.

Malamina take ce wa maƙwabcin namu don shi ya fara nuna mata yadda ake gina shafi. Ya ce mata bayan rubutun da ke kan shafin akwai fayiloli iri biyu da ke riƙe da shi. Wasu su ke faɗin launi da girman harafi da inda kowane abu zai zauna, masu aikin na kiransu CSS. Wasu kuma su ke faɗin abin da zai faru idan an latsa, su ne JavaScript. Ita ba ta wahalar da bakinta ba. Na farko ta ce ado, na biyu ta ce motsi. Ya kuma nuna mata cewa ba komai mutum zai ƙera da kansa ba, akwai waɗanda wasu suka riga suka yi suka bayar kyauta, kowa na ɗauka. Ta ce, "To, aro ke nan."

A farko duk wuri guda ta zuba su. Ado da motsi da hotuna da na aro, suna cakuɗe a folda ɗaya kamar kwandon ɗan koli. Daga nan shekarar wake ta fito.

Fayil ɗin adon da ta aro yana ba kowane akwati launin kore. Ita kuma tana son unguwar da ba a saki ba ta fito ja. Sai ta buɗe na aron ta gyara a cikinsa. Ya yi aiki lafiya wannan kakar. Da shekara ta zagayo, masu shi suka fitar da sabo, ta sauko da shi ta ɗora a kan tsohon. Gyaranta ya tafi tare da tsohon fayil. Kafin ta duba a waya aka ɗauke wuta, muka rufe shago muka tafi gida. Duk unguwannin suka koma kore. An gama girbin dawa a Fakuwa amma wake na ƙasa bai bushe ba. Makiyaya suka duba waya, suka ga an saki, suka kora shanu.

Da labari ya iso, mutane suka fara cewa sabis ne, wasu suka ce makiyayan ƙarya suke, ba su ga wani kore ba. Wannan maganar ta fi kowa yi wa Gwaggo sauƙi, don babu wanda zai iya gane inda kuskuren yake sai ita. Ta yafa gyale ta ce in tare mana ɗan kabu-kabu.

Mun iske jama'a a bakin gonar. Mai gonar dattijo ne siriri mai zafin rai, ga sanda a hannunsa, ga Ardo da mutanensa su ma da sanduna, mai unguwa a tsakiya yana ta ba da haƙuri. Gwaggo ta ratsa su ta tsaya.

Ta ce, "Malam, ba waɗannan bayin Allah ba ne. Ni ce."

Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Ke tsohuwa, shanu gare ki?"

"Ko akuya ba ni da ita. Amma ni na ce masu su shigo. Abin da suka gani a waya gaskiya suka gani, hannuna ne ya yi shi. In duka za ka yi, ga ni."

Mai gonar ya buga sandar a ƙasa ya juya baya. Yadda kwamiti ya sasanta sauran ba nawa ba ne in faɗa. Abin da na gani shi ne Gwaggo ta ɗaure gyale a ƙugu ta shiga cikin matan gidansa suna tsince abin da ya rage, har rana ta yi sanyi. Bai ce mata sannu ba. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwarta a kasuwa.

Da kaka ta sake zagayowa sai ga shi a ƙofar shago da ƙullin wake a buhu. Ya dire ya ce, "Mai shanu, ga abin da shanunki suka rage." Ta ce, "Mai wake, shigo ka sha ruwa." Da waɗannan sunaye suka ci gaba da kiran juna har mutuwa ta raba.

Amma kafin nan, washegarin dawowarmu daga Fakuwa, ba ta karɓi aikin kowa ba. Ta ce in jawo kujera. Ta buɗe foldar nan mai cakuɗe ta fara rabawa. Ta yi folda ta sa mata suna ado, ta yi motsi, ta yi hotuna, ta ƙarshe ta sa mata aro. A cikin ado ta ware fayil ɗaya ta kira shi na-kowa, shi ke riƙe da abin da kowane shafi ke buƙata, irin launuka da girman rubutu. Sauran kuma kowane shafi da nasa, da sunan shafin. Haka ta yi a motsi, suna ya dace da suna, yadda in ka san sunan shafi ka san inda adonsa da motsinsa suke. A cikin aro, kowane abu da ɗakinsa, da lambar fitowarsa a jikin suna. In sabo ya fito, kusa da tsohon take ajiye shi, ba a kansa ba, sai ta gwada ta gamsu.

Ta ce mani, "Ɗiya, ranar bikinki in muka aro tabarmar maƙwabta ta yi wa ɗaki tsawo, yanke ta za mu yi?"

Na ce, "A'a."

"In ba mu son launinta fa?"

"Sai mu shimfiɗa tamu a kai."

"To shi ke nan abin da na kasa ganewa har aka ci waken mutum. Na aro a ƙasa, namu a sama. Shafi ya fara kiran na aro, ya kira namu daga baya, don namu ya zama shi ke da maganar ƙarshe. Wannan foldar kuwa," ta ɗora yatsa a kan gilashin, "ko ni kika gani na buɗe ta zan gyara, ki buge mani hannu."

Tun daga ranar, in na tambaye ta inda wani abu yake ba ta faɗa mani. Sai ta ce, "Gani ake yi ko aikatawa yake?" In na ce gani, ta ce, "To mi kike tambayata?" Na sha jin haushin wannan. Ta kan ce ita ba ta son aikin da sai mai shi na raye ake gane shi, ta ga irinsa a ofis, mutum ya yi ritaya a rasa inda takardar kowa take, shi kuma yana gida yana jin daɗin ana nemansa.

Sun taɓa ɓatawa da Malaminta a kan wannan foldar. Ya ce babu dalilin ajiye na aro a wurinmu, a bar shafi ya riƙa jawo su kai tsaye daga inda masu su suka ajiye, haka ake yi yanzu, ya fi sauƙi.

Ta ce, "In masu su suka canza da rana tsaka fa, ina gida ina salla?"

Ya ce, "Mama, akwai yadda ake ɗaure shi ba zai canza ba. Ke dai ba kya son sabon abu."

"Ka taɓa buɗe waya a ƙauyen Ƙofa da yamma? Sabis ɗin da ƙyar yake kai mutum ƙofa ɗaya, kai kana son ya ƙwanƙwasa gidaje uku kafin makiyayi ya ga launi."

Ya ce ta cika taurin kai, ta ce ya cika son gajeriyar hanya. Mai yiwuwa kowannensu na da tasa gaskiyar, ni ban isa in raba ba. Suka daina magana. Ta wuce ta gaban shagonsa kamar ba kowa. Amma da Sallah ta zo ta zuba tuwo da nama a kwanon da ta saba ta ce in kai masa, in kuma ce masa ba ta huce ba. Ya cinye ya dawo da kwanon da kansa, ya ce shi ma bai huce ba. Daga nan suka ci gaba.

Matar Ardo kuwa, dalilin zuwanta da nono, wata rana ce ta zo kasuwa da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi ta ce shafin ba ya buɗewa a wurinta, sai ya yi ta juyi. 'Ya'yanta na daji da shanu, ita suke kira su tambaya. Wani zai ce mata ta sayi sabuwa. Gwaggo ta karɓi wayar ta zaunar da ita a kujerarta, ta sa na sayo mata fura. Ta bi foldar motsi ta fitar da duk abin da ba dole ba, ta mayar da kiran sauran fayilolin can ƙasan shafi don launi ya riga fitowa. Ta yi ta gwadawa a wannan wayar har ya buɗe. Daga nan ta mai da ita ma'auni. Duk abin da ta canza sai ta ce, "Sai wayar matar Ardo ta yarda."

Alkawari ɗaya ta tafi ba ta cika ba. Mai wake ne ya kawo maganar. Ya ce ja da kore ba su isa ba. Akwai lokacin da rabin unguwa ta kwashe, rabi kuma wake na ƙasa. In an bar ja, makiyayi na kallon fili fetal waya na ce masa ya dakata, har ya fara raina jan. In an sa kore kuwa, an koma gidan jiya. Ya ce a yi na uku wanda zai ce a nemi wakili ya nuna inda aka saki. Ta ce za ta yi ruwan ɗorawa kafin girbin dawa. Sai ciwo ya kwantar da ita.

A asibiti, wata rana da hantsi ina yi mata fifita, ta buɗe ido ta ce, "Launin mai wake. Ina za ki sa shi?"

Na ce, "Gwaggo, ki bari ki warke."

"Tambayarki nake."

"A ado. Cikin na-kowa."

"Abin da wakili zai latsa fa?"

"A motsi, fayil ɗin shafin wakilai."

"Aro fa?"

"Ba a taɓawa."

Ta ce, "To bar ni in yi barci." Ba ita ce maganarta ta ƙarshe ba, ta ƙarshe kalmar shahada ce, alhamdu lillahi. Amma ita ce ta ƙarshe a kan aiki.

Ranar zaman kwamiti na tafi Kusada ba tare da an gayyace ni ba. A ƙarƙashin wata bishiya suka zauna, ni na tsaya daga baya. Baffa ya gan ni ya ɗaure fuska, bai dai kore ni ba. Ya faɗi abin da ya faɗa mani a zaure, kuma mafi yawa suka gyaɗa kai. Ardo ya ce shi bai san yadda abin ke aiki ba, abin da ya sani kawai tun shekarar wake ba a sake ɗaga sanda ba. Wani ya ce ai wannan don mai shi na raye ne a lokacin.

Sai mai wake ya miƙe, ya dogara sandarsa. Ya ce, "Duk cikinku wa aka ci wakensa?"

Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"To ni ke da bakin magana. Wanda ya lalata mani gona ya zo da ƙafarsa ya ce ni ne, ban taɓa gani ba sai a wurin matar nan. Ta ɗaukar mani alkawari, Allah bai ba ta lokaci ba." Ya juyo wajena. "Ke, ɗiyar mai shanu. Kina iya launin nan ko ba ki iyawa? Kar ki yi mani kara."

Na ce, "Ban taɓa yi ni kaɗai ba, Baba. Amma na san inda za a sa shi."

Baffa ya ce, "Sanin wuri daban, iyawa daban."

Aka tsaya a kan cewa in ruwan ɗorawa ya fito kafin girbin dawa, kuma kowane wakili ya gani a wayarsa, a bar shafin wannan kakar. In bai fito ba a rufe, a koma sanarwar masallaci.

Na buɗe shago na yaye zanen. Ban zauna a kujerarta ba, tawa na jawo. Ban ɓata lokaci wajen nema ba, komai na inda sunansa ya ce yake. A na-kowa ga ja ga kore a jere, da fili a ƙarƙashinsu. Ina dubawa na gane a cikin na aro akwai wani ruwan ɗorawa da aka riga aka yi, sai dai ya yi haske, a rana ba za a bambanta shi da fari ba. Lamba ɗaya zan canza a can ya yi duhu, aiki ya ƙare. Kwanaki na tafiya, kuma babu mai buge mani hannu. Malaminta na tsaye a ƙofa yana kallo. Na rufe aro yadda na same ta. Na koma namu na rubuta nawa a ƙarƙashin nata.

Motsin ya fi ba ni wuya. Na yi na ɓata, na yi na ɓata. Da ya yi a kwamfuta sai ya ƙi fitowa a wayata, har na kifa kai a tebur. Sai na tuna waya kan riƙe tsohon fayil, shi ya sa Gwaggo take ƙara lamba a ƙarshen sunan in ta yi gyara. Na ƙara, ya fito. Ban gaya wa kowa ba tukuna. Na hau kabu-kabu zuwa Kaikai, na nemi matar Ardo, muka fita tsakiyar rana muka buɗe a wayarta. Ta kare gilashin da tafin hannu ta duba ta ce, "Ga shi nan kamar man shanu."

An fara girbin dawa sai ga Baffa a bakin shago. Ya yi sallama ya tsaya a waje kamar yadda ya saba. Na ce ya shigo. Ya cire takalmi ya shigo, abin da bai yi ba duk tsawon rayuwarta.

Ya ce, "Ina abin da kika ce ta ajiye?"

Na nuna masa foldojin nan huɗu. Ya sunkuya yana karantawa a hankali. Da ya zo ta ƙarshe ya ce, "Aro." Ya ɗago. Ya ce, "Tun muna yara haka take. Na taɓa aro fartanyar wani na sake mata ƙota don ta yi mani daidai. Da kanta ta kai ni gidansu riƙe da kunne."

Ya goge fuska da hannun riga. Sannan ya zaro waya daga aljihu ya miƙo mani, amma bai sake ta ba.

Ya ce, "Mun kwantar da dawa a Kaikai, wakena bai bushe ba. Ba yi mani za ki yi ba. Nuna mani inda ake latsawa."

Na nuna masa. Ya latsa da babban yatsa, da ƙarfi, irin latsawar gidanmu. Akwatin Kaikai ya koma ruwan ɗorawa.

Ban san abin da kwamiti zai yanke baɗi ba, kuma ban ce ba zan taɓa yin kuskure ba. In na yi, na san hanyar gonar da zan je in tsaya. Amma ga waɗanda suka ce ba ta bar baya ba, shagon na bakin tasha a buɗe yake, su zo in nuna masu.

Da Baffa ya fita na ɗaga zanen zan rufe kwamfutar, sai na ji wani abu ƙulle a gefensa. Goro ne, ya bushe ya yi tauri. Na zauna na ɓara shi da ƙyar, na kai wa Malaminta rabi.

Ya Allah, baiwarka ta zo maka. Ka yafe mata abin da ta ɓata, ka san ba ta taɓa ɗora shi a kan wani ba. Ka yalwata mata makwanci, ka haskaka shi. Mu da muka rage a kan aron kwanaki, ka sa mu mayar da su lafiya.